Ɗaki Ta Ce, Ko Gida?

Da an idar da sallar asuba, Hajja Safiyatu takan fito daga ɗan ɗakinta na ƙarƙashin matakala da tarin makullai ɗaure a gefen mayafi. Aikinta na farko shi ne kunna injin da ke tura ruwa zuwa tankin sama. In akwai wuta, to. In babu, sai ta dubi makunnin ta ce masa ma'alesh, wato ya yi haƙuri, kamar shi aka ɓata wa rai, ta wuce. Ta cika tuluna biyu na bakin ƙofa saboda masu wucewa, sannan ta ɗauki tsintsiya ta hau can sama ta fara gangarowa. A bakin kowace ƙofa takan ɗan tsaya. Wanda bai sani ba sai ya ce gulma take nema, alhali hanci take bai wa aiki: wa ya hura gawayi a ciki, wa ya kwana da gas a buɗe. Takalman da aka tuɓe a waje kuwa su ke gaya mata mutum nawa suka kwana a inda aka ce biyar. Kafin ƙarfe bakwai ta san yadda gidan ya wayi gari, ba tare da ta ƙwanƙwasa wa kowa ba.

Shekara ashirin da biyu tana wannan, a wani bene mai hawa huɗu a bayan layin asibitoci na Khartum. Ranar Litinin da ta wuce ta ajiye makullan, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunana Ƙasimu. Shagona na buga takardu yana ƙasan benen, ƙofarsa na kallon ƙofar gidan ta gefe, saboda haka abin da ya shiga da abin da ya fita duk a kan idona ne. Waɗanda suka san ni sun san yabo ba ya cikin halina, matata ma shaida ce. Abin da na gani zan faɗa, wanda ban gani ba kuma zan faɗi wanda ya gaya mini.

Gidan shagga takwas ne, wato sassa na haya da aka zuba wa komai, daga gado har cokali, ana kamawa na kwana ko na mako. Masu kamawa yawanci 'yan jinya ne daga Sinnar da Gadarif da Damazin da can yamma, sai ango da amarya, sai mazauna ƙasashen waje da suka zo hutu. Baƙo raɓa ne, in ji mutanenmu. Wanda ya yi wannan karin maganar bai taɓa wanke bayan baƙon haya ba.

Hajja Safiyatu a gonakin auduga na Jazira aka haife ta. Kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a hanya, suka tsaya cirar auduga su ƙara, har yau ana ƙarawa. Ita kanta ba ta je ba. Hajjar tata ta girmamawa ce, irin wadda ake yi wa duk macen da furfura ta fito mata a garin nan, kuma takan ce tana riƙe wa kakarta sunan ne kafin a isa. Gidanta yana Umbadda, can bayan Umdurman, inda 'yarta Hadil take da jikoki. Nisa ya sa take kwana a ɗakin ƙarƙashin matakala, sai Alhamis da la'asar ta haye gada, ta dawo Asabar.

Mai gidan sunansa Abdulmun'im, injiniya ne, ya fi shekara talatin yana aiki a Saudiyya, da guminsa ya ɗora benen hawa bayan hawa. Ƙanwarsa Mawahib ce wakiliyarsa, takan leƙo ranar Alhamis. A bayan ƙofar kowace shagga akwai takardar dokoki, kuma ni nake buga ta. Da na fara, doka biyar ce. Yanzu sha tara ce, domin duk baƙon da ya zo da sabuwar tsiya sai ya bar mana layi ɗaya na tunawa da shi. Kowane layi da mamnu' yake farawa, wato an hana. Doka ta farko ita ce uwar sauran: ba wanda zai wuce kwana talatin, ko da zai biya da zinariya. Tana da dalili. A farkon gidan wani ya shiga da sunan mako biyu ya yi shekara biyu, sai da aka sha zaryar kotu kafin ya fita, ya tafi da famfuna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban taɓa ganin laifin Abdulmun'im a kan wannan ba.

Buga doka ba wuya, minti biyar ne a wurina. Tsayar da ita a gaban mutum mai ido da baki shi ne aikin, kuma Hajja ce ke yin sa. Abin da na lura da shi shi ne, a duk shekarun nan ban taɓa jin kalmar mamnu' ta fito daga bakinta ba. Ita “ba nan ba” take cewa, sannan ta nuna inda za a yi.

Wata shekara wata amarya daga Kosti ta sauka da goggonta a hawa na uku. Goggon ta ga biki ya matso, ta kafa tukunyar dukhan a banɗaki, turaren nan da matan aure ke zama a kansa lulluɓe da bargo. Hayaƙi ya cika matakala, wani mai ciwon asma a hawa na huɗu ya fito yana salati, ya ɗauka gobara ce. Labule ya koma ruwan ɗorawa. Ni da na ga hayaƙin har na fara kwashe takarduna. Hajja ta hau da butar shayi da kofi uku. Ba ta tambayi goggon me ya sa ba, ta tambaye ta saura kwana nawa bikin. Kafin la'asar an binne tukunyar a kusurwar bayan gida, an zagaye da tabarma, amarya ta gama turarenta cikin iska. Labulen kuwa goggon ce ta wanke shi da hannunta, sau uku, Hajja na zaune a gefe tana ba ta labarin nata bikin. A ranar na ƙara doka ta sha ɗaya.

Haka ta yi da mutumin Gadarif da aka yi wa ɗansa aiki ya tashi, murna ta sa ya ja rago har hawa na biyu zai yanka sadaka a bakin shagga. A kan matakala suka haɗu, ita da ragon. Ta yi masa barka, ta karɓi igiyar kamar za ta taya shi, ta juya ta yi ƙasa. Shi kuma dole ya bi ragonsa. An yanka a bayan gida inda ruwa ke wucewa, an raba naman ga shagga takwas, kowa ya sa wa yaron albarka.

Kada mai karatu ya ɗauka mace ce mai sanyi. Wasu samari uku sun taɓa kama shagga suka ce mahaifiyarsu za a yi wa aikin ido. Kwana biyu ba uwa ba dalilinta, sai kiɗa da shisha da abokai masu shiga da fita, a gidan da rabin mutanensa ke fama da ciwo. Ta yi musu magana sau ɗaya, suka yi kunnen uwar shegu. Washegari da hantsi ta dama kunu ta zuba a fulas, ta yafa mayafinta na fita, ta ƙwanƙwasa ta ce su zo su raka ta asibiti ta duba mahaifiyar tasu, wane ɗaki aka ce take? Suka fara kallon juna. Ta ce ba sauri take ba, ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar da fulas a cinya. Kafin azahar sun haɗa kayansu. Ɗayansu, da zai wuce, ya jefe ta da kalmar nan ta raini da ake jifan irinmu masu asalin ƙasar Hausa da ita a garin nan. Ta riƙe masa ƙofa ya fita, ta kai kunun wa wata mai jinya a hawa na farko.

Ke ce, Hajja, kika koya mini cewa masu karya doka kashi biyu ne: akwai wanda buƙata ta kai shi, akwai wanda raini ya kai shi. Na farko ki nuna masa wuri, na biyu ki nuna masa hanya. Ban taɓa ganin kin haɗa su ba.

Yanzu ga abin da ya raba ta da makullan.

A tsakiyar daminar bana aka kawo wani tsoho, Malam Idi, daga wani ƙauye a gefen kogi kusa da Sinnar. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Ciwon ƙoda ne, sau uku a mako ake kai shi asibiti. Tare da shi akwai matarsa Inna Amna, tsohuwa siririya da ta kusa tamanin, da ɗansu Adam, wanda ke tuƙa raksha, babur mai ƙafa uku, yana zaune a unguwar Mayo ta nan Khartum. Suka kama shagga ta biyu a hawa na farko. Mutane ne marasa hayaniya, ko takalmansu a jere suke. A kwana na ashirin da huɗu, da hantsi, Malam Idi ya cika a kan gadon shaggar. Aka yi masa sutura a nan Khartum kafin la'asar.

Kwana uku na zaman makoki dokar mutum biyar ta sha kashi, amma ba wanda ya ɗaga ta. Hajja ta sa aka kafa wa maza rumfa a titi, mata suka cika matakala, Mawahib ma ta zo ta yi gaisuwa. A rana ta huɗu Adam ya kawo raksharsa bakin ƙofa zai ɗauki mahaifiyarsa. Ta ce ba inda za ta. Ta riga ta ɗaura farin zane, ta sauka daga gado ta koma tabarma. Ta ce mahaifiyarta ta gaya mata, ita ma tata mahaifiyar da ta zo da ƙafa daga ƙasar Hausa ta gaya mata, mace ba ta ƙetare ƙofar gidan da mijinta ya cika sai ta gama takaba. Wata huɗu da kwana goma. A gidan da dokarsa ta farko kwana talatin ce, kuma saura kwana biyu su cika.

Adam ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya yi kuka. Ya ɗauko limamin masallacin unguwa, wanda ya tsaya a bayan ƙofa ya yi mata bayani dalla-dalla cewa ita matafiya ce, addini ya yarje mata ta koma gidanta ta yi takabarta a can. Ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce Allah ya ƙara ilimi, amma ba ya nan ranar da mahaifiyarta ta yi maganar. Adam ya ce to a bar musu shaggar wata huɗun, dangi za su ɗauki nauyi. Mawahib ta kira yayanta a waya a gabanmu. Amsar ba ta da tsawo: ranar Alhamis da azahar a tarar da shagga ta biyu a buɗe, in kuma Hajja ba za ta iya ba, ta miƙa makullai ga wanda zai iya.

Ni bayan liman nake, ba na ɓoyewa. Na ce wa Hajja abin ai mai sauƙi ne, Adam ya ɗauki tsohuwar cak ya sa a raksha, ta yi kukanta na yini ɗaya a wuce wurin. Ta dube ni irin kallon da take yi wa makunnin nan in babu wuta. Ta ce tsohuwar ta yi imani cewa kwanciyar mijinta a kabari na rataye da zamanta, wanda ya ɗauke ta da ƙarfi ya ɗora mata kayan da za ta mutu da shi a kai. Na ce to aikinki fa? Ta ce tana sane da shi, in koma ga takarduna.

Abin da ya faru da safiyar Laraba Adam ne ya ba ni, yana wurin. Duk gardamar da aka sha da Larabci aka yi ta, domin liman ba ya jin Hausa, Adam kuma ɗan Mayo ne, Hausarsa in ta yi taku uku sai ta faɗa Larabci. A bakinsu kuwa kalma ɗaya ce ke yawo, bet. Shagga bet, bene bet, gidan ƙauye bet. Hajja, wadda ba kasafai take Hausa a wurin aiki ba, ta tuɓe takalmi ta zauna a bakin tabarmar, ta yi gaisuwa irin ta da, sannan ta ce:

“Inna, maimaita mini maganar mahaifiyarki yadda ta fito daga bakinta. Ɗaki ta ce, ko gida?”

“Gida ta ce.”

“A ƙauye, gidanku ɗaki nawa ne?”

Tsohuwar ta lissafa da yatsu, ta ce bakwai, ban da rumbu. Hajja ta tambaye ta ƙofar shiga fa, ta ce zaure ɗaya ne tun zamanin surukinta.

“To nan ma haka ne, Inna. Wannan da kike ciki ɗaki ne, na haya. Gidan shi ne mai ƙofar ƙarfen nan ta ƙasa. A cikinsa akwai wani ɗakin da ba na haya ba. Ki sauko, ƙafarki ba za ta taɓa waje ba.”

Adam ya ce mahaifiyarsa ta ɗago ta dubi Hajja. Can ta tambaya ko katanga ɗaya ce ta zagaye duka. Aka ce mata ɗaya ce. Ta ce sai ta gani. Wannan kam na gani da idona: tsohuwa cikin farin zane, ta rufe fuska, tana dafe da bango, ta bi katangar gidan daga wannan kusurwa zuwa waccan tana shafawa, ta tabbatar ba inda ta yanke. Da ta zagayo ta tsaya a gaban ɗakin ƙarƙashin matakala ta ce a kawo mata tabarmarta.

Ɗakin ba ya cin mutum uku. Da aka jingine gado aka shimfiɗa tabarma biyu, ɗaya ta Inna Amna, ɗaya ta wata ƙanwarta da ta zo daga ƙauye ta zauna da ita, wuri ya ƙare. Hajja ta ɗaure kayanta ta koma kwana Umbadda. Wanda ya san hanyar ya san abin da nake nufi: mota biyu, cunkoson gada, da taɓon damina da ke cire wa mutum takalmi, ga mace mai shekara sittin da gwiwoyin da suka riga suka gaji da matakala. Ruwan gidan ya koma hawa ƙarfe bakwai maimakon biyar, baƙi suka yi ta ƙorafi, ta yi ta ba su haƙuri. Ta rame, na gani. Ban taɓa jin ta ambata ba.

Ranar Alhamis ɗin ta ce wa Mawahib shagga ta biyu a buɗe take, an wanke, an sauya zanen gado. Gaskiya ta faɗa, amma ba duka ba. Nan ne wurin da ba zan kare ta ba. Ɗakin ƙarƙashin matakala ba nata ba ne, aro aka ba ta, kuma mai abu yana da haƙƙin a tambaye shi. Mawahib kuwa ta yi wata biyu da rabi tana wucewa ta gaban ɗakin duk mako. Ko ba ta gani ba ne, ko ta gani ta kau da kai, ban tambaye ta ba.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Abdulmun'im ya zo bikin wata 'yar ɗan'uwansa, ya biyo ya duba gidansa, ya zagaya baya zai ga injin ruwa, sai ya tarar da tsofaffi biyu a inuwa suna tsince wake. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya shigo shagona ya zauna, ya sa aka kira Hajja. Ya ce ba tsohuwar ce ta dame shi ba. Shekara ashirin da biyu yana barci a ƙasar mutane saboda ya san abin da Hajja ta gaya masa shi ke nan, babu saura. Yau ya gane akwai saura, to gobe da me zai yi barci? Ya tambaye ta abin da ya hana ta neman izninsa.

“Bashmuhandis,” ta ce, haka ake kiran injiniyoyi a nan, “da na tambaye ka, da ka ce a'a. Ni kuma da na bi maganarka.”

Ya juya wayarsa a hannu. Sannan ya ba ta zaɓi: ko tsohuwar ta fita cikin makon a manta da zancen, ko kuwa ita Hajja ta ajiye aiki. Ba ta nemi lokacin tunani ba. Ta ce ta ɗauki na biyu, amma tana roƙon abu biyu. A bar ta ta sa ranar da kanta, kuma kada tsohuwar ta ji. Ya ce ya yarda. Ya juyo ya ce in buga takardar ajiye aikin.

Na buga har na kai wurin kwanan wata na tsaya. Hajja ta ce in jira. Ashe Inna Amna da ƙwallon dabino take riƙe kwanakin takabarta, a cikin wani gwangwanin madara, kullum da safe ta cire ɗaya ta jefar. Hajja ta je ta ce mata za ta wanke gwangwanin, ta juye a zane ta duba, ta dawo ta ce saura hamsin da ɗaya. Na bi kalanda da yatsa, ya faɗa ranar Litinin. Na rubuta. Na sha buga takardun saki da na kora da na gado a shagon nan ban ji komai ba, sana'a ce. Wannan na ji kunyarta, kuma har yau ina ji.

Adalci ya sa in faɗi cewa Abdulmun'im ya cika alkawari. Bai tayar da tsohuwar ba, kafin ya koma ma ya tsaya daga bayan ƙofa ya yi mata ta'aziyya, ya aika da sukari da shayi. Amma bai janye ba. Na roƙe shi, Mawahib ta roƙe shi, ya ce magana ta riga ta fita. Ni ban san wanda zan bai wa gaskiya duka ba a cikinsu, kuma na daina ƙoƙari.

Kwana hamsin da ɗayan nan ta yi su kamar ba abin da ya faru. Ta share matakala, ta raba faɗan wasu surukai a hawa na uku, ta hana wani soya kifi a baranda. Da aka kawo wanda zai gaje ta, wani magidanci daga unguwar Kalakla, ta zagaya da shi ta nuna masa famfon da ke yoyo da makullin da sai an ɗaga ƙofa yake juyawa. A gaban Inna Amna ta ce mataimaki aka kawo mata.

Ranar Litinin da hantsi Inna Amna ta yi wanka, ta ajiye farin zane ta ɗaura mai launi. Adam ya tsayar da raksha daidai bakin ƙofa. Tsohuwar ta zo har dokin ƙofar ta tsaya, ta kama hannun Hajja da hannu biyu ta yi ta zuba addu'a. Ta yi wa Hajja, ta yi wa 'ya'yanta da jikokinta, ta yi wa mai gidan nan mutumin kirki da ya yarda baƙuwa ta zauna masa wata huɗu. Hajja na cewa amin. Sannan tsohuwar ta yi bismilla ta ƙetare. Da ta zauna a raksha ta leƙo ta ga Hajja ta biyo ta waje.

“Koma ciki, 'yata,” ta ce, “aiki na jiranki.”

“To, Inna.”

Ta koma ciki ta tura ƙofar. Ina tsaye a bakin shago, ina ganin ƙafafunta ta ƙasan ƙarfen. Ba ta motsa ba har ƙarar rakshar ta ɓace a kwana. Sannan ta buɗe ƙofar, ta kwance makullan ta miƙa wa Mawahib, wadda ta zo dominsu, ta karɓa tana kallon ƙasa. Ta fito da ƙunshin kaya ɗaya da butar alwala, ta ce in gaida mutanen gida, ta nufi inda ake hawa motar Umdurman.

Hajja Safiyatu, mai makullan gidan wani, na gode. Na gode a madadin 'yan jinyar da ba su san sunanki ba, da amaren da ba su ƙone ba, da masu gidajen da ba su san abin da ake tare musu ba. Ke ce kika riƙe doka shekara ashirin da biyu ba ki wulaƙanta kowa da ita ba, ranar da kika taka ta kuma ba ki ce ba ke ba ce, kika biya da abin da kike da shi. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya kai ki inda kakarki ta nufa.

Ku kuma masu tsaron ƙofofin mutane, a gidajen haya da asibitoci da makarantu, ban ce ku ɓoye wa iyayen gidanku komai ba. Abin da nake cewa ƙarami ne. Kafin ku ce an hana, ku zauna ku ji da wane harshe mutum yake magana, da kalmar da ya riƙe. Sau da yawa akwai wuri a cikinta.

Adam ya leƙo shagona jiya. Ya ce mahaifiyarsa ta isa ƙauye lafiya, kuma duk wayar da suka yi sai ta tambaya ko Hajja tana nan bakin aikinta, shi kuma ya ce tana nan. Saboda haka ina da roƙo ɗaya ga duk wanda rubutun nan ya faɗa hannunsa a wajen Sinnar, ya kuma gane tsohuwar da nake nufi. Ya karanta wa wanda ya ga dama, ban da ita.